Garatan ɗin Baba

Baba ya yi shekara ashirin da wani abu yana dafa wa Nasaru abinci a Maraɗi, amma ban taɓa ganin ya riƙe ludayi a gidanmu na Tsibiri ba. Bayan sallar asuba yake hawa kekensa ya nufi birni, ya dawo da magariba yana ƙamshin man shanu da albasa, ya wanke hannu, ya zauna kan tabarma ya jira tuwon Inna kamar kowane magidanci. In miya ta yi gishiri ba ya cewa komai. In baƙo ya tambaye shi sana'arsa, sai ya ce yana aiki a gidan Nasara, ya tsaya nan. Kowa a unguwa ya san kuku ne, kowa kuma ya san ba ya son a faɗa.

Ni ce ɗiyarsa ta fari, saboda haka akwai kunya tsakaninmu. Bai taɓa kiran sunana ba, ni kuma ban taɓa zama na yi doguwar hira da shi ba. Shi ya kai ni lakwal, wato makarantar boko, da kansa a bayan keke, shi ya tsaya har na zama malama, amma duk abin da yake son gaya mini ta bakin Inna yake biyowa. Da Nasarun suka koma ƙasarsu ya jingine aikin, ya koma gonar geronsa. Ni kuwa na yi aure a Sabon Gari cikin Maraɗi, ina koyarwa a wata lakwal kusa da gida, ina zuwa Tsibiri ranar Juma'a da yamma.

Ciwon ya same shi a gona, lokacin kaka, yana ɗaure dami. Maƙwabcin gonarsa ne ya gan shi kwance tsakanin kara. Mun yi sati biyu a asibiti a Maraɗi. Da aka sallame mu, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana kuma ta tafi. Kalma uku suka rage masa: "to", "a'a", da "Allah". Likita ya ja ni gefe, tunda ni ce mai jin Faransanci, ya bayyana mini cewa maƙogwaronsa ma ya taɓu. Ya ce abinci mai laushi kawai za a riƙa ba shi, a zaunar da shi tsaye, a ba shi kaɗan-kaɗan, don in wani abu ya bi ta hanyar numfashi zai iya zama ajalinsa. Na maimaita wa Inna da Hausa a cikin motar da ta mai da mu gida, ta ce ta ji.

Sai dai Baba ya ƙi ci. Inna ta dama kunun gero, ta tace shi sau biyu, ya sha cokali uku ya rufe baki. Ta dama fura da nono mai kyau, ya kau da kai. Ta yi tuwo ruwa-ruwa da miyar kuka, wanda ya ci shekara da shekaru bai taɓa raina shi ba, ya dube shi kamar bai san mene ne ba. Na koma zuwa kullum. Ana tashi daga lakwal sai in tare kabu-kabu, babur ɗin haya, in iso in tarar da kwanukan jere a bakin ƙofa an rufe su da faifai, in buɗe in ga yadda aka zuba su haka suke. Cikin wata guda wuyan rigarsa ya yi masa yawa. In na taya Inna juya shi, ina jin ƙasusuwan bayansa a tafin hannuna.

Wata rana na iso Inna ta tare ni tun a zaure. Ta ce kwana uku ke nan yana faɗar wata sabuwar kalma, wani abu kamar "gara". Ta ɗauka gara yake nufi ta shiga rumbu, har ta sa an buɗe an duba, ba a ga komai ba. Ta je ta gaya masa hatsi lafiya lau yake, sai ya buga tabarma da hannun hagu ya juya fuska.

Na shiga na durƙusa kusa da shi na gaishe shi. Ya daɗe yana motsa leɓe kafin abin ya fito, kuma da ya fito, ya fito sarai.

"Garatan."

Na san kalmar. Sau ɗaya tak ya taɓa kawo abincin gidan Nasara gidanmu, ranar da na ci jarrabawar satifika, ina da shekara goma sha biyu. Ya zaro wani abu naɗe a takarda daga aljihun rigarsa ya ajiye a gabana, bai dube ni ba, ya ce sunansa garatan, shi ya yi. Makaroni ne da ya haɗe wuri guda kamar tubali, samansa ja, cikinsa fari. Na gutsura na ji warin madarar da ta kwana, ba yaji, ba daddawa, ba komai. Na riƙe a baki har ya shiga ɗaki, na zagaya bayan gida na tofar, sauran na ba akuya. Da na juyo na gan shi tsaye da buta a hannu. Daga ranar bai sake kawo wani abu ba.

Na gaya wa Inna abinci yake nema. Ta tambaye ni ko na iya, na ce zan koya. A ranar na ji wani sauƙi a zuciyata, don tun da ya faɗi wannan ne karo na farko da aka sami abin da zan iya yi da hannuna.

A waya na fara nema. Na kalli mata iri-iri suna yin garatan a cikin ɗakunan girki masu sheƙi, kowace da tandarta mai ƙofar gilashi. Na rubuta abin da suka haɗu a kai: makaroni, man shanu, fulawa, madara, gishiri, da furomaji, wato cukun Nasara mai narkewa. Duk ana samu a kasuwa ban da na ƙarshen. Sai na ce a raina ai cuku cuku ne. Na sayi namu na Buzaye, busasshe, falle-falle, na jiƙa shi, na daka a turmi, na zuba a kan makaronin. Tanda kuwa ba ni da ita, sai na ɗora tukunya a kan gawayi, na zuba garwashi a kan murfin. Ƙasan ya kama, saman bai yi ja ba, cukun kuma ya ƙi narkewa, ya zama ƙulli-ƙulli kamar guntayen fata. Duk da haka na kai masa. Ya sunsuna, ya dube ni, ya mai da fuskarsa bango.

Mijina ne ya gaya mini akwai wani kanti a cikin gari inda ake sayar da kayan Nasaru. Na je na tarar da furomajin a firigo, na'urar sanyaya kaya, rawaya, an naɗe shi a leda, ya yi gumi saboda yawan ɗauke wuta. Mai kantin ya rantse mini bai lalace ba. Na saya, na sayi abin goga shi. Sannan wata dabara ta zo mini wadda a lokacin na ɗauka mai kyau ce. Tunda wanda ya fi kowa iya abin nan a duk Tsibiri yana kwance a ɗakin Inna, me zai hana in yi a gabansa ya riƙa gyara mini?

Ranar Asabar da hantsi muka fito da Baba ni da Inna, muka jingina shi da gindin itacen bedi, muka tokare shi da matasai. Na kawo murhun gawayi na ajiye inda zai riƙa ganin cikin tukunya. Da ya ga kayan jere a kan faifai sai idonsa ya canza. Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, har ya yi ƙoƙarin gyara zama. Ban taɓa ganin Baba ya dubi kayan girki haka ba, kuma na gane wannan ita ce fuskar da yake zuwa da ita wurin aiki, wadda mu ba mu sani ba.

Na dafa makaroni na tsane, bai ce komai ba. Na narka man shanu na zuba fulawa, ya ce "to". Na ɗauko kwanon madara na juye duka a ciki, sai ya yi wani nishi mai ƙarfi, ya ɗaga hannun hagu yana kaɗawa. Na tsaya da cokali a hannu. Na tambaye shi ko madarar ta yi yawa, ya ce "to". Na tambaye shi ko in rage, ya ce "a'a". Na ce ko in ƙara, ya ce "a'a". Ko wutar ce ta yi yawa? Ya ce "to", sannan ya ce "a'a", sannan ya ce "Allah". Likita ya taɓa gaya mini cewa masu irin wannan ciwo sukan so faɗar wata kalma wata ta fito, amma sai a ranar na ga abin da hakan yake nufi. Yana jin kansa yana faɗar abin da bai nufa ba, yana ƙoƙarin gyarawa, gyaran ma ya fito a karkace. Ni kuma ina ta jero masa tambayoyi kamar ina gaban allo. Cikin haka fulawar ta dunƙule, ta yi gudaji a cikin madarar, ƙasan tukunya ya fara ƙauri.

Ya miƙo hannu yana son cokalin. Na matso da murhun, na sa masa a hannun hagu. Ya juya sau biyu, cokalin ya kuɓuce ya faɗa cikin toka. Ya zuba wa hannunsa na dama ido, wanda yake kwance a cinyarsa, ya ɗauke shi da na hagu ya ɗora a gefen tukunyar kamar zai tuna masa aikinsa. Na yi sauri na janye don kada ya ƙone, don ba ya jin zafi a wannan ɓarin. Sai hawaye suka zubo masa. Inna ta tashi ta shiga ɗaki ta bar mu. Ban taɓa ganin kukan Baba ba, kuma ban san inda zan sa idona ba. Na sauke tukunyar, na tsuguna ina tsince gawayin da ya zube, na daɗe ina tsincewa bayan ya ƙare.

Da yamma, ina shirin tafiya, Inna ta ce ta tuna wani mutum. A gidan Nasarun akwai mai kula da lambu, abokin Baba ne, sun yi shekaru tare. Ta ji an ce ya koma garinsu Jiratawa yana noman rani. Ba ta san ko yana raye ba.

Sati na zagayowa na tafi Jiratawa. Na yi ta tambaya daga wannan fage zuwa wancan, ina tsallake hanyoyin ruwa da takalmin lakwal, har aka nuna mini wani tsoho zaune a kan buhu a bakin zogalensa, ƙafafunsa a kumbure, ƴaƴansa ne ke ban ruwa. Da na gaya masa ɗiyar wane ce, ya riƙe baki ya ce ya san ni tun ina goye. Bai ji labarin ciwon ba. Na faɗa masa, ya yi ta jan carbi. Da na kawo maganar garatan sai ya yi ƴar dariya, ya ce shi bai taɓa dafa ko ruwan zafi a gidan nan ba, amma famfon da yake wanke salati yana ƙarƙashin tagar ɗakin girki, kuma ya kalli Baba yana yin abin nan ya fi a ƙirga.

Ya gaya mini abin da idonsa ya gani. Madarar da ɗumi Baba yake zuba ta, kaɗan-kaɗan, yana juyawa da muciya ƙarama ba ya tsayawa, wuta can ƙasa, har sai ta yi kauri tana bin bayan muciyar. Yakan goga wata ƴar ƙwallo mai kama da goro a ciki, gyaɗar ƙamshi. Ba ya barin makaroni ya dahu sosai. Burodin da ya kwana kuwa ba ya zubarwa, yakan shanya shi a kan kwanon rufi ya bushe, ya daka, ya cuɗa da man shanu da furomaji ya barbaɗa a sama. Sannan ya sa a tanda mai zafi ya zauna a bakinta, ba ya amsa kiran kowa sai ya ji abin yana tsuwa.

"Nasaru tsakiya suke ci," in ji shi. "In an kwashe teburi sai mu zagaya baya ni da shi, mu kankare kusurwoyin. Ɗiyata, mahaifinki ba cikin yake so ba. Ƙanzon nan na bisa da na gefe, shi ne nashi."

Ya ce wani lokaci Baba da gangan yake barin tiren ya ɗan daɗe a wuta don ƙanzon ya yi yawa, uwargidan ta yi ta faɗa, shi kuma ya ce tandar ce. Ina jin wannan na yi dariya, don ban taɓa sanin Baba da wayo irin wannan ba. Tsohon ya sa aka cika mini leda da tumatir da kabeji, ya ce in gaishe da shi, zai zo in ƙafa ta bar shi.

Saura tanda. Akwai gidan burodi a layinmu na Sabon Gari, mai tanderun ƙasa babba. Na je na sami mai gidan na roƙe shi ya bar ni in sa tire ɗaya bayan an kwashe burodin rana. Ya tambaye ni ko kek ne na biki, na ce makaroni ne. Ya dube ni ya sake tambaya, na sake faɗa. Da na ce na marar lafiya ne sai ya daina murmushi, ya ce in kawo bayan azahar.

Na shanya burodi kwana biyu. Ranar da zan yi na nemi izini a lakwal. Na ɗumama madara, na riƙa zubawa ludayi-ludayi ina juyawa har kafaɗata ta yi tsami, sai ga shi ta haɗe sumul, ba gudaji ko ɗaya. A nan na gane abin da Baba yake son gaya mini a gindin bedi. Magana ce da ba ta wuce kalma biyu ba, ki zuba kaɗan-kaɗan, kuma ita ce ta gagare shi. Na goga gyaɗar ƙamshi, na zuba furomaji ya narke, na juye makaronin, na shimfiɗa a tire, na barbaɗa garin burodin. Mai burodi ya tura shi can cikin tanderu da dogon allonsa. Na tsaya a bakin wurin zafi yana dukan fuskata, ma'aikatansa suna wucewa da kwanduna suna kallona. Bayan wani lokaci na ji ƙara siririya tana fitowa daga ciki, na ce ya ciro. Saman ya yi ja kamar bayan burodi, gefen yana tafasa, kusurwoyin sun yi duhu. Mai burodi ya sunkuya ya shaƙa, ya ce Allah ya ba shi lafiya.

Na naɗe tiren da tsohon zane biyu, na hau kabu-kabu na ɗora a cinya. Zafin ya ratso zanen tun ba mu fita gari ba. Na riƙa ɗaga shi da hannu in sauke, ina roƙon mai babur ya bi ramuka a hankali, kuma ya yi sauri kada ya huce.

La'asar ta yi da na iso. Baba yana jingine a ɗaki, Inna tana yi masa fifita. Tun ban kwance zanen ba na ga hancinsa ya motsa, ya juyo da kai. Na ajiye tiren a gabansa na buɗe. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙa hannun hagu ya ƙwanƙwasa saman da farce, ya karkata kunne, ya sake ƙwanƙwasawa. Ya ce "to". Ban san ko ita ce kalmar da ya nufa ba, amma bai kau da fuska ba.

Na ɗauki cokali na huda tsakiya, na ɗebo mai laushin, ina hurawa. Kafin in ɗago, ya riga ya kai hannu kusurwa ya ɓalle ƙanzo, guntu mai faɗin yatsa biyu. Na ga lokacin da ya ɗauka. Maganar likita tana kaina, kuma ina da sararin da zan riƙe hannunsa, amma ban riƙe ba. Wata biyu ke nan ban ga ya kai wani abu bakinsa da kansa ba. Ya sa a baki, na ji ƙarar taunawa a ɓarin hagu, ya lumshe ido.

Sai tari ya sarƙe shi. Da farko ƙarami ne, sannan ya zama ba tari ba numfashi, bakinsa a buɗe, idanunsa sun fito, fuskarsa tana yin duhu. Inna ta yar da mafici tana salati. Na sunkuyar da shi gaba na riƙa dukan tsakiyar bayansa yadda aka nuna mini a asibiti, ina dukan ƙashi tsantsa. Ban san iya lokacin da aka ɗauka ba. Daga ƙarshe abin ya fito a kan zanena, ya ja numfashi mai ƙara, ya jingina da kafaɗata yana haki. Inna ta goge masa baki da gefen mayafinta.

Da numfashinsa ya daidaita, ya buɗe ido, ya sake miƙa hannu wajen tiren.

Na janye shi. Ya ƙara miƙowa, na ƙara janyewa har ya fi ƙarfin hannunsa. Ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, abin da kunya ta hana shi yi tun ina yarinya. Ba fushi na gani ba. Roƙo ne, kuma da fushin ne da ya fi mini sauƙi. Na juya wajen Inna ko za ta ce wani abu.

"Ke kika ji abin da likita ya ce," in ji ta. "Ni ban san mi zan ce ba."

Na miƙa masa cokalin mai laushi, ya rufe baki. Na ce masa, "Baba, ka yi haƙuri, wannan ne ba zai shaƙe ka ba." Bai buɗe ba. Na tashi na ɗumama sauran madara, na ɓalle ƙanzon kusurwa na jiƙa a ciki, na murje shi da bayan cokali har ya zama kamar kunu. Ya karɓi cokali ɗaya, ina jin don ya ga na wahala ne. Ya riƙe a baki, ya haɗiye da ƙyar. Na kawo na biyu ya ce "a'a", kuma wannan karon ban yi shakkar abin da yake nufi ba.

Muka zauna mu uku, tiren yana hucewa a tsakiyar ɗaki inda hannunsa ba ya kaiwa. Da na ga idonsa bai bar kan tiren ba sai na rufe shi da zane na fitar. Inna ta raba wa maƙwabta. Washegari wata ta dawo da kwano ta ce abin da daɗi, sai dai ya so yaji.

Na koma asibiti a satin na sami likitan, na gaya masa abin da ya faru, na tambaye shi ko akwai wata hanya da za a bi ya ci ƙanzon. Ya ce babu, kuma na yi daidai da na hana. Na tambaye shi ko maƙogwaron zai warware nan gaba, ya ce wasu yakan warware, wasu ba ya warwarewa. Akwai mutane da yawa a layi, sai na yi godiya na fito.

Bai warware ba. Baba ya koma cokali uku na kunu da safe, uku da yamma, wani lokaci huɗu in Inna ta daɗe tana lallashi. Sau da yawa a kan hanyar Tsibiri nakan ce a raina gobe zan sake yi, in ajiye masa tiren in fita waje, abin da Allah ya rubuta ya faru. In na iso na ga yadda ƙirjinsa yake ɗagawa da ƙyar sai in fasa. In na koma gida kuma in ji na cuce shi. Ban sake yi ba, shi ma bai sake nema ba.

Tsohon Jiratawa ya cika alkawari. Ana cikin zafin bazara ɗansa ya ɗauko shi a babur, aka shigo da shi ana riƙe da shi. Ya zauna kusa da Baba daga hantsi har la'asar, shi kaɗai yake magana. Ya ba shi labarin karen Nasarun da ya taɓa sace kaza daga kan teburi, da ranar da tukunyar gaz ta ƙare ana tsakiyar liyafa, da mutanen da suka sani waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Ina daga waje ina wanke kwanuka na ji wani sauti da ban gane ba, na leƙa, ashe Baba ne yake dariya da rabin bakinsa. Da aka kawo musu fura tsohon ya sha tasa, ya ɗauki ludayin Baba ya kai masa baki yana ci gaba da labarinsa, Baba ya sha bai lura ba. Na ƙirga ludayi shida daga bakin ƙofa.

Da tsohon zai tafi na raka shi zaure, na roƙe shi ya riƙa zuwa. Ya ce in sha Allahu, amma ya nuna mini ƙafafunsa, na ga sun fi yadda na gan su a lambu kumbura. Ɗansa ya ɗaga shi ya ɗora a babur, suka tafi.

Baba ya rasu bayan ruwan farko, da safe, ranar da mutanen Tsibiri suka fita shuka. Ina cikin aji aka kira ni.